Ranar Yanke Igiya

Kakan kakana ne ya fara ɗaure ƙafafun yaro da igiya a kwarinmu na Narin, a yanke ta ranar takunsa na farko. Tun zamaninsa ba a taɓa sa wuƙa kafin dattijo ya kammala addu'a ba. Saboda haka ranar yanke igiyar jikata, ina cikin addu'a, da surukata matar ɗana ta raɗa mini, "Baba, a taƙaita, kyamarar ta kusa cika," ban fahimce ta ba. Magana ce take cika ƙarfe?

Ɗana ne ya aiko kyamarar daga Mosko, inda yake aikin gini, domin ya ga tafiyar 'yarsa.

Na ci gaba da addu'a, na ambaci kakanni bakwai, kowa da tarihinsa.

"Tsoho, nama ya huce, kai ba ka huce ba!" in ji matata.

Aka yanke igiya, yarinya ta taka, aka yi sowa.

Da bidiyon ya isa, ɗana ya bugo waya. "Baba, ina sauran?"

"Wane saura? A gabanmu ta yi tafiya!"

"A gabanku, Baba."

Har yau ban gane inda takun ya shige ba. Abin da muka tsira da shi ke nan: addu'ata cikakkiya har amin, da ƙafar jikata ɗaya a ɗage, ba ta sauka ba.