Lugude a Saman Bene

Ranar Laraba ce da la'asar, babu lakwal, wato makaranta, ina tsaye a kicin ɗinmu can saman bene a unguwar Minguettes ta ƙasar Turawa, ina kuka sanye da takalman rawar kilaket, masu ƙarfe a dunduniya da kan yatsu. Malamar rawa ta ce in ban iya sabon takun ba zuwa Asabar, za ta mayar da ni ajin 'yan koyo, cikin yara masu majina. Kullum dunduniyata sai ta riga kiɗa sauka.

Inna tana dakan yaji a turmin da ta taho da shi tun daga Damagaram. Ta ɗan saurari takuna, ta ce, "Ke, wannan ai lugude ne. Shi ne sai an je wurin Nasara?"

Ta buga taɓarya, ta cilla ta sama, ta tafa, ta cafe. "Sai na tafa ki sauke dunduniya. Ba a rige-rige." Muka kama, ita da turmi, ni da ƙarfe, yaji yana tashi muna ta atishawa. Takun ya zauna.

Sai muka ji dum, dum, dum. Tsohuwar da ke zaune ƙasanmu ce take dukan silinta da sandar tsintsiya. Na tsaya cak. Inna ta kasa kunne, ta girgiza kai.

"Baiwar Allah, tana son shiga, amma ita ma sauri take yi."

Har yau, in na ji ƙamshin yaji, dunduniyata sai ta ɗaga ta jira tafin Inna.