Farar Saƙar Zuma

Jikata tana da wani wasa a waya: jaruminta ya kashe dodo, ya kwashe dukiyar kogonsa, ya kai wa fatake. Tana latsawa suke sayewa, babu tayi, babu albarka. Da ba haka ake rabuwa da abin da aka sha wuyarsa ba.

Ina yaro Baba ya ciro zuma daga kogon wata kuka a Giwa Tazo. Ni na riƙe masa hayaki, ƙudan zuma ya harbe ni a fatar ido, sai ya yi mini alkawarin farar saƙa guda, wadda ta fi duka kyau. Washegari da la'asar muna kasuwar Jega, ƙwaryar zumar tana ƙamshin hayaki da fure. Wani falke ya ɗanɗana, ya saye duka, sannan ya hango tawa a naɗe cikin ganye.

"Malam, haɗa da waccan in ƙara maka."

Ya ƙara, ya sake ƙarawa. Na san hatsinmu ya yi ƙasa, na zaci Baba zai sayar. Baba ya dubi kumburarren idona, ya yi dariya.

"Alhaji, wagga an riga an saye ta. Ga mai ita nan, da ido ya biya."

Nan take na shanye ta, tana zuba har gwiwar hannu.

Da na girma na ci kasuwannin Kumasi, Agadas da Kartum, na yi ciniki da harsuna huɗu. Tun daga ranar, duk kayan da na ɗauka sai na ware abu guda wanda ba na sayarwa ba ne.