Mahaucin da Ya San Zuciya

Tunda ka ce kai ka san jikinka, ba sai likita ya gaya maka ba, gyara zama in ba ka labarin wani mahauci, wanda shi ma ya san nasa.

Shekara talatin da ɗoriya ya yi yana fawa, kuma in dai zuciya ce, ta sa ko ta rago ko ta raƙumi, ido rufe zai tsaga maka ita. Ya san ɗakunanta huɗu, biyu sama biyu ƙasa. Ya san bangon hagu ya fi na dama kauri, shi yake ware wa masu son tsoka. Ya san 'yan ƙofofin da ke tsakanin ɗakunan, masu marfi siriri, da fararen zaruruwan da ke riƙe da marfin, waɗanda yakan datse ya jefa wa kyanwa. Ana nan sai tafiyar da ya saba yi daga kwata zuwa rumfarsa, da cinyar bijimi a kafaɗa, ta fara gagararsa. Da farko sau ɗaya yake tsayawa ya huta, daga baya ya koma sau uku. Da la'asar takalmi ya matse masa ƙafa, in ya miƙe a tabarma numfashi ya sarƙe, sai ya jingina da bango. Matarsa ta yi ta naci har ya je babban asibiti. Likita ya saurari ƙirjinsa, aka ɗauki hoton zuciyar, sannan ya jawo takarda zai zana masa yadda take. Bai kai ɗaki na biyu ba mahauci ya karɓi bayanin ya ƙarasa masa, har da zaruruwan. Likita ya ji daɗi, ya ɗauka yau ya sami mara lafiya mai sauƙin sha'ani. Ya nuna masa cewa marfin ƙofar hagu ne ya daina rufuwa, duk bugun da zuciyar ta yi sai wani jinin ya koma baya wajen huhu, shi ya sa take aiki biyu kuma numfashi bai ishe shi ba. Ya ce bayan Sallah masu tiyatar zuciya za su zo, an sa sunansa. Za a tsayar da zuciyar na ɗan lokaci, na'ura ta riƙe jinin, a sauya marfin, a tashe ta.

Nan fa mahauci ya yi murmushin manya. A tsayar da zuciya, a sa mata wuƙa, sannan ta tashi? Shi da ya riƙe zuciya dubu nawa a tafin hannunsa, bai taɓa ganin wadda wuƙa ta shiga ta sake motsi ba. Ya yi godiya cikin ladabi, ya ce a ba wani gurbin. Ba taurin kai ne ya hana shi ba, ka fahimce ni, kuma ba tsoro ba ne. Abin da idonsa ya gani ne, kuma abin da ya gani ɗin gaskiya ne.

Gurbin ya faɗa kan wata mai waina da ke kusa da rumfarsa, wadda ciwon nan ya kai ta ko tulu ba ta iya ɗagawa. Ita ba ta taɓa leƙa cikin zuciyar ko kaza ba. Da aka yi mata bayani ta ce, "Ni ban san komai ba, likita, abin da kuka gani ku yi." Mahauci ya tausaya mata ƙwarai. Ya aika mata da hanta mai kyau, a ransa ta bankwana ce.

Damina ta wuce, aka yi kaka. Mahauci ya daina zuwa kwata, wuƙarsa tana rataye a zaure, kumburin ya haura daga ƙafa zuwa ciki. Wata rana da azahar, gari ya yi tsit, sai ga mai waina ta zo duba shi, da ƙafarta, da kwano a ka. Ta durƙusa ta gaishe shi. Cikin shirun nan ya ji wani ɗan sauti yana fitowa daga ƙirjinta, ƙis, ƙis, ƙis, kamar agogon hannu. Ta ce, "Sabon marfin ne, Baba, haka yake yi. Har na saba da shi." Ya daɗe yana saurare. Marfin yana buɗewa, yana rufewa, bai kuskure ko sau ɗaya ba.

Washegari ya sa aka kai shi asibiti, ya ce yanzu ya yarda. Likita ya sake ɗaukar hoto, ya daɗe yana dubawa, sannan ya gaya masa gaskiya a hankali: zuciyar ta gaji da aiki biyu, ta buɗe ta saki kamar tsohuwar salka, ba za ta jure tiyata ba yanzu. Sai dai magani, a rage ruwan, a lallaɓa ta iya kwanan da Allah Ya nufa. Mahauci bai yi gardama ba. Ya dubi hannuwansa ya ce, "Duk zuciyar da na riƙe, bayan yanka na riƙe ta. Ta mai rai ce ban sani ba."

To, ka ji. Wadda ba ta san komai ba tana can tana tuyar waina, wanda ya san ɗaki huɗu da zaruruwansu yana zaure a jingine da bango. Kai ma ka san jikinka, ban musa ba, amma gobe ka koma wajen likitan nan. Hausawa suka ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne.