Mai Daddawar Da Ta Kasa Barin Murfi

Allah ya jiƙan Gwaggo Tasalla, yayar babanmu. Ita ta yi mini wankan jego a haihuwata ta fari, a gidanmu na ƙauye, lokacin ɗorawar da ke bayan gidanmu tana nan ba a sare ta ba. Yaron ya zo ɗan ƙanƙani, ga shi ɗan fari, ba dama in nuna damuwa a gaban mutane. Ko sunansa ba na faɗa. Sai in bari ido ya ɗauke, in lallaɓa ɗaki in kara yatsa a hancinsa, in ja zaren da aka ɗaura masa a ƙugu in ji ko ya fara matsewa, in tashe shi daga barci in tura masa nono. A asibiti an ce lafiyarsa lau, amma zuciyata ta ƙi yarda. Shi ba barci, ni ba cin abinci, har nonon ya fara ja da baya. Ashe duk Gwaggo tana kallona. Wata rana da hantsi tana dama mini kunun kanwa, ta ce, "Ke 'yar nan, mai kunyar ƙarya, zauna ki sha, in ba ki wani misali."

Ta ce an yi wata mata da uwarta ta ba ta kalwa, ta ce ta je ta koyi daddawa ta riƙe kanta. Matar nan ba raguwa ba ce. Ta yini tana tura itace har kalwar ta dahu, ta surfa, ta kai rafi ta wanke tas, ta sake dafawa, ta juye da zafinta a kwandon da ta shimfiɗe da ganye. Ta rufe da tsummoki, ta ɗora faifai, ta kai ƙuryar ɗaki. Duk abin da hannu ke yi ta yi shi daidai. Saura abu ɗaya, wanda ba na hannu ba: a bar ta a rufe, ta kwana ta tashi cikin ɗuminta, har warinta ya fito da kansa ya yi sallama a tsakar gida.

To, nan ne matar ta kasa. Tana tsakar shara sai ta ce ko tururuwa ta shiga. Ta je ta ɗaga faifai. Ba tururuwa, sai tururi ya fita. Ta ɗora tukunya, ta ce ko ganyen ya yi kaɗan, ta koma ta buɗe, ta cusa hannu ta juya, ta sunsuna. Maƙwabta suna hira a inuwa, ita tana zirga-zirga tsakanin murhu da ƙuryar ɗaki. Duk buɗewa ɗaya, ɗumi ya ragu. Ran da ya kamata a daka a cura, ta tarar da kalwa ta yi sanyi ƙalau, ƙwaya-ƙwaya kamar tsakuwa, fumfuna ta yi mata fari a kai. Ta watsa wa kaji, kaji suka leƙa suka wuce. Ba ɓarawo, ba ɓera, ba tururuwa. Hannun da ya fi kowa son daddawar shi ya hana ta nuna.

Gwaggo ta kai aya, ta miƙo mini ludayi. Daga ɗaki na ji yaron ya ɗan motsa, na yunƙura zan tashi. Ta dafa gwiwata da hannunta mai ƙanshin hayaƙi, muka saurara tare. Ya yi ajiyar zuciya, ya koma barcinsa. Ta ce, "Kin yi masa wanka, kin ba shi ya ƙoshi, kin yi masa addu'a. Naki ya ƙare, saura na Mai shi. Shanye kunun nan tun da zafi, kada ke da shi ku zama abin da Hausawa ke cewa: garin neman ƙiba an samo rama."