Hawainiyar Mu'awiya Ta Ɓata

"Goggo, ke kika jefar mini da hawainiya."

Mu'awiya ya kife bokitin yashi a tsakar gida. Ba ta ciki.

Tun da cikinta ya cika da ƙwai yake tsugune a gabanta. Ya jiƙa mata yashi, ya kamo mata fara har Dogon Daji. Sai ta fara tono, ta juyo ido ta gan shi, ta fasa. Goggo kuwa kullum cewa take a fitar mata da wannan abar.

"Rage murya," in ji Goggo. "Kuma yau babu mai shan ruwan randa."

Ya duba. An yi wa randar labule da zanin Goggo. Ya ɗaga. A damshin gindinta, wutsiya kawai ta rage a waje.

"Saki labulen nan. Wace mace ka haihuwa namiji na tsaye bisa kanta?"