Ɗakin Damisar Ƙanƙara

"Ranka ya daɗe, dubi layi!" in ji manajan gidan namun daji, yana jan shugaban hukuma zuwa ɗakin damisar ƙanƙara. Raƙuman dawa biyu ya sayar ya sayo ta, har da kafa mata iyakwandishan. Yau za a san matsayinsa: ko a yaba masa, ko ya tattara komatsansa.

Ɗakin ya cika maƙil, wasu har da tabarminsu. Manaja ya washe baki, ya durƙusa gaban wata tsohuwa.

"Iya, gaya wa maigida yadda kika ga damisarmu."

Tsohuwa ta buɗe ido ɗaya.

"Au, akwai damisa a nan? Ɗan nan, mu fa sanyi muka biya mu sha."