Kafin Mai Kaifin Ido Ta Fito

Karo na uku ke nan tsohuwar na tsaye a shagon nan na Kwanar Dangora, riƙe da kwamfutar hannu mai faɗin allon karatu.

"Hajiya, ko za a ƙara jira ne?" in ji mai shagon, don ya san hali. "Sabuwa na tafe bayan Sallah."

Haka ta jira bara, haka bara waccan, wai ita ba za ta sayi kwantai ba. Ga ƙawarta ta ƙuruciya can Fatakwal, shekara arba'in rabon su da juna, kullum saƙonta ɗaya: "Na gaji da murya, fuska nake son gani." Ƙawar nan fa ta san ta tun zamanin da samarin Doguwa ke tuntuɓe garin kallonta.

Yatsanta ya taɓa wani wuri, sai ga wata gyatuma ta cika allon, kumatu sun zube, haƙora biyu sun yi ƙaura. Saura kaɗan ta gaishe ta, kafin ta gane fuskarta ce.

"Ɗan nan, ita sabuwar da me ta fi wannan?"

"Da ido, Hajiya. Ko furfura ɗaya ba ta ɓoye mata."

Ta gyara mayafi, ta sake leƙa gyatumar.

"Ba ka da wadda ta fi wannan tsufa?"

"Akwai wata a ƙasan kanta, amma dishi-dishi take gani."

"Sa'ata ce. Ita za ka ƙunsa min, yau ɗin nan."